Jang Geum Da Abin Da Ke Ƙarƙashin Hanbok

'Yan uwana mata, ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Muna zaune muna tsince shinkafa sai ta ce, "Yaya, ni fa da zaɓi ake bayarwa, a Koriya za a haife ni. Kin ga ladabinsu kuwa? Kin ga yadda mazansu ke lallaɓa mace?" Dariya kawai na yi, amma maganar ta kwana a raina, don ni ma na taɓa ƙona miya saboda Jang Geum.

Ga wadda ba ta gani ba, Dae Jang Geum fim ne mai kashi 54 da tashar MBC ta Koriya ta Kudu ta nuna daga 2003 zuwa 2004, Lee Young-ae ce tauraruwar. Marainiya ce ta shiga madafin fada, aka ƙulla mata sharri aka kore ta tsibirin Jeju, can ta koyi magani, ta dawo har ta zama likitar sarki.

Inda ya burge ni ba zan ɓoye ba. Akwai wurin da uwar ɗakinta Han ta ce ta kawo mata ruwa. Ta kawo, aka ce ta sake. Ta sake, aka ce ta kuma. Sai ranar da yarinyar ta tsaya ta tambaya, ko cikinki na ciwo, ko maƙogwaronki, sannan aka karɓa. Ba wa'azi, ba dogon surutu, amma an gama koya mata girki da likitanci a kofi ɗaya. Wallahi a matsayina na marubuciya sai da na ji kishi.

To amma ga inda muka raba gari. Jang Geum mutum ce ta gaske, sunanta na cikin kundin tarihin daular Joseon, zamanin Sarki Jungjong da ya yi mulki daga 1506 zuwa 1544. Sai dai a likita aka ambace ta, zancen madafi da soyayyar Min Jung-ho duk ƙarin gishirin marubuciyar fim ne. Ƙari ba laifi ba ne, mu ma da shi muke cin abinci. Damuwata abin da gishirin ya rufe. A 1406 aka fara horar da likitoci mata a can, saboda matan manya sun gwammace ciwo ya kashe su da namiji ya duba jikinsu. Wannan kam ba sai an yi mana fassara ba, duk wadda ta taɓa bin layin awo ta san zancen. Su wa aka ɗebo wa aikin? 'Yan mata bayin hukuma. Fim ɗin ya nuna ana raina su, gaskiya ne, amma sai ya tsamo guda ɗaya ya ɗora ta sama albarkacin sarki, ya ba ta masoyi mai haƙuri, mu kuma muka share hawaye muka manta da sauran. Haka nake yi a littattafaina, in azabtar da yarinya shafi ɗari sannan in aurar da ita ga Alhaji mai kirki, shi ya sa na gane dabarar da wuri.

Sai na nemo wa ƙanwar tawa Kim Ji-young, fim ɗin 2019 da aka ɗauko daga littafin Cho Nam-joo na 2016. Nan babu fada, babu hanbok mai jan ƙasa. Mace ce mai digiri, ta bar aiki saboda goyo, ranar biki tana tsaye a kan wanke-wanke gidan surukai, dangin miji na falo suna hira. Mijin ba mugu ba ne, yana ma sonta, amma bai hana ta zautuwa ba. Ƙasar da sai a 2008 ta daina aiki da dokar da ke rubuta iyali ƙarƙashin sunan maigida ke nan, kuma a 2023 lissafin haihuwarsu ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, wato ko ɗa ɗaya bai cika ba. Tsadar gida da ta karatu na ciki, amma ni dai ina ganin hannun wancan wanke-wanken.

Ƙanwata ba ta kai ƙarshensa ba. Ta ce ba daɗi, wai kamar gidan Anti Babba ranar Sallah, ta miƙo mini wayata ta koma kan Jang Geum.