Gado, aro ko kama? Sharhi a kan danganta rap da roƙon Afirka

1. Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a rubuce-rubucen da ake yi kan kiɗan hip-hop, har ta shiga kundayen ɗalibanmu ba tare da an tsaya an auna ta ba. Maganar ita ce, wai rap ba kome ba ne illa roƙon Afirka ta Yamma da bayi suka ƙetara teku da shi, ya girma a Amurka, sa'an nan ya komo gida. David Toop, a littafinsa Rap Attack (1984), ya jero kakannin rap tun daga masu sa faifai a gidajen rediyo har ya dangana da maroƙan Nijeriya da Gambiya. Ƙungiyar Daara J ta Senegal kuwa ta sa wa wani faifanta suna Boomerang, wato makamin nan da in an jefa shi yake komowa wurin mai jifa, don tabbatar da wannan ra'ayi.

Maganar tana da daɗi ga kunnen ɗan Afirka, amma daɗin magana ba ya zama hujja. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu gwada ta da ma'aunin da masu kwatanta harsuna suke aiki da shi, mu ga abin da zai tsaya da abin da zai faɗi.

2. Ma'auni

Tun zamanin Antoine Meillet, abu na farko da ake koya wa ɗalibin kwatancin harsuna shi ne cewa kama iri uku ce. Akwai ta gado: « mutu » ta Hausa da « māta » ta Larabci tushensu ɗaya, domin harsunan biyu dangi ne. Akwai ta aro: « lakkwal » daga « l'école » ta Faransanci ta fito, kuma mun san lokacin da ta shigo da hanyar da ta biyo. Akwai kuma kama ta dace kawai: « hannu » da « hand » ta Ingilishi sun yi kama a furuci da ma'ana, amma babu abin da ya haɗa su. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba wane ba ne.

Wanda duk ya ce gado ne, wajibi ne ya nuna salsala: wa ya karɓa daga wa, a ina, kuma yaushe. Da wannan sharaɗi za mu bi tarihin hip-hop daga sama zuwa ƙasa, mu ga inda igiyar ta kai.

3. Abin da aka yi a Buronkis

Hip-hop ya tsiro ne a unguwar Buronkis ta birnin Niyok, a lokacin da unguwar take cikin mawuyacin hali. Babbar hanyar mota da aka fara ginawa a 1948 ta keta tsakiyarta, masu hali sun tashi, masana'antu sun rufe, gidaje suna ƙonewa, kuma a 1975 birnin kansa ya kusa tsiyacewa. Waɗanda suka rage yawancinsu baƙaƙen Amurka ne da ƴan Fotoriko da baƙi daga tsibiran Karibiyan.

Ranar da aka saba ɗauka mafari ita ce 11 ga Agusta 1973. A ranar ne Clive Campbell, wanda ake kira Kool Herc, ya sa faifai a wani bikin rawa da ƙanwarsa Cindy ta shirya a gida mai lamba 1520 na titin Sedgwick, don ta sami kuɗin tufafin komawa makaranta. Abin da Herc ya lura da shi a irin waɗannan bukukuwa shi ne, masu rawa sun fi zabura a ɗan wurin nan na faifai inda mawaƙi da sauran kayan kiɗa suke yin shiru, a bar ganga ita kaɗai. Wannan gaɓa daƙiƙoƙi kaɗan ce. Sai ya sami faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora kan na'urori biyu, in gaɓar ta ƙare a wannan ya tayar da ita a wancan, har ta yi mintoci. Grandmaster Flash ya daidaita dabarar yadda bugu ba ya tsallakewa, Grand Wizzard Theodore kuma ya shahara da goga faifai gaba da baya a ƙarƙashin allura.

A lura da abu biyu. Na farko, tushen hip-hop aikin hannu ne a kan na'ura. Magana daga baya ta zo. Coke La Rock, wanda ya fara riƙe wa Herc makirfo, kiran sunayen abokai yake yi yana zuga ƴan rawa. Na biyu, faifan da ake yankowa sanannu ne: fonk na James Brown, da « Apache » ta Incredible Bongo Band (1973), wadda ita kanta maimaici ce ta wani kiɗan da ƙungiyar Shadows ta Ingila ta fitar a 1960. Da rap ya shiga kasuwa a 1979 da « Rapper's Delight » ta Sugarhill Gang, a kan kiɗan disko na « Good Times » ta ƙungiyar Chic aka ɗora shi. « Planet Rock » ta Afrika Bambaataa (1982) kuwa ta ɗauko karinta daga Kraftwerk ta Jamus, ta haɗa da gangar lantarki ta Roland TR-808 ƙirar Japan. Duk wannan aro ne mai shaida, irin na « lakkwal ».

4. Kakannin kusa na magana a kan kiɗa

An haifi Herc a Kingiston ta Jamaika a 1955, ya zo Niyok a 1967. A can ya ga yadda ake jibge manyan lasifikoki a fili, mai sa faifai yana surutu a kan kiɗa. Wannan salo, wanda Count Matchuki ya fara a shekarun 1950 kuma U-Roy ya shahara da shi a faifai a 1970, shi ake yawan kawowa a matsayin gadar da ta haɗa rap da Afirka. Sai dai gadar ba gabas ta nufa ba. Matchuki ya kwaikwayi salon maganar baƙaƙen masu gabatar da shiri a rediyon Amurka ne, kuma faifan da yake sawa na Amurka ne. Wato salon ya fita daga Amurka, ya yi shekaru a Jamaika, ya komo. Har wa yau, mutanen Buronkis ba su karɓi rege ba a lokacin, abin da ya sa Herc ya karkata ga fonk.

A cikin Amurka kuwa salsalar a bayyane take. Akwai dogayen labarai masu amsa-amo da ake yi a bakin titi da gidajen kurkuku, waɗanda Roger Abrahams ya tattara a Filadalfiya ya buga a 1964. Akwai wasan zage-zage na samari, wanda William Labov ya fayyace dokokinsa a 1972. Akwai wa'azin coci mai rerawa, da cika-bakin ɗan dambe Muhammad Ali, da « Here Comes the Judge » ta Pigmeat Markham (1968), inda ake magana mai amsa-amo a kan bugun ganga. Akwai kuma Last Poets da Gil Scott-Heron, waɗanda faifansu na farko suka fito a 1970, da Hustlers Convention (1973), wanda masu rap na farko da yawa suka haddace. Toop ya yi aiki mai kyau a wannan fanni, kuma a nan ne littafinsa yake da ƙarfi. Rauninsa yana a taki na ƙarshe, inda jerin ya tsallake teku.

5. Maroƙi da mai rap

Amurka ta hana shigo da bayi a 1808. Tsakanin wannan shekara da bikin titin Sedgwick akwai shekara 165. Mutanen da aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa ba su kai dubu 400 ba, kuma daga al'ummomi dabam-dabam suka fito, tun daga Senegal har Angola. A Karolina ta Kudu, bayan tawayen Stono na 1739, dokar 1740 ta haramta wa bayi ganga. Roƙo kuwa sana'a ce mai bukatar fada da ubangida da zuriyar da za a wasa, kamar yadda M. G. Smith ya nuna game da ƙasar Hausa a 1957. A gonar auduga babu sarki, babu asalin da aka yarda bawa ya ambata. Sana'ar ba ta da inda za ta tsaya.

In muka dubi aiki, bambancin a fili yake. Narambaɗa ko Ma'azu Ɗan Alalo wani suke wasawa. Mai rap kansa yake wasawa. In lalle sai an nemo masa abokin kama a wurinmu, to ba makaɗin fada ba ne, ɗan kokowa ne ko ɗan dambe a lokacin da ya shiga fili yana kirari. Haka nan wasan zage-zagen da Labov ya nazarta sharaɗinsa shi ne kowa ya san abin da aka faɗa ƙarya ne; da zarar zagi ya taɓa gaskiya, wasa ya ƙare, faɗa ya tashi. Wannan ya fi kusa da wasan taubasai bisa ga zambo, domin zambo so yake ya yi rauni. Amma waɗannan duka kama ce irin ta « hannu ». Kirari da ba'a ana samun su a al'ummomi masu yawa da ba su taɓa haɗuwa ba.

In muka dubi ƙira, nan ma haka ne. Karin waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da maras nauyi yake tafiya. Rap na Ingilishi a kan gaɓoɓin da ake dannawa yake tafiya, ana daidaita su da bugu huɗu na kowane zagaye. Waƙar baka ta Hausa ba ta wajabta amsa-amon ƙarshen layi ba. Ƙafiya ta rubutacciyar waƙa ce, daga Larabci ta zo mana. Rap na farko kuwa ginshiƙinsa layi biyu-biyu masu amsa-amo ɗaya, kuma wannan tsohuwar ƙira ce a waƙar Ingilishi. Abin da ya fi bayyana a kunne a cikin rap, wato amsa-amo, shi ne abin da ba za a iya cewa daga maroƙi ya fito ba.

6. Afirka biyu a cikin rap

Ba muna cewa babu Afirka a cikin hip-hop ba ne. Akwai ta, amma hawa biyu ce, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen ruɗanin. Faransanci yana da kalmomi biyu, « frêle » da « fragile », duka daga « fragilis » ta Latin. Ta farko ta biyo bakin jama'a ƙarni bayan ƙarni har ta goge, ba a gane uwarta sai da nazari. Ta biyu malamai ne suka koma littafi suka ɗauko ta da gangan, shi ya sa ta fi kama da asali.

Hawa na farko a kiɗan baƙaƙen Amurka shi ne gadon da ya goge: bayarwa da amsawa tsakanin jagora da ƴan amshi, da fifita bugu, da maimaita gajeren zagaye a gina waƙa a kansa, da rawar da'ira inda mutum ɗaya yake shiga tsakiya. Waɗannan ana iya bin sawunsu ta waƙoƙin aiki da na coci da bulus har zuwa James Brown. Kayan kiɗan da ake kira banjo shaida ce mai taɓuwa, domin dangin molo da gurmi ne. Wannan gado na Afirka ne gaba ɗayanta, ba na wata sana'a ko wata ƙabila ba, kuma ta hanyar fonk ya isa hip-hop.

Hawa na biyu shi ne Afirkar da aka koma aka ɗauko da gangan a zamanin fafutikar baƙar fata. Last Poets sun kafu a Halem ranar 19 ga Mayu 1968, ranar tunawa da haihuwar Malcolm X, kuma daga waƙar Keorapetse Kgositsile na Afirka ta Kudu suka samo sunansu. Bambaataa ya ɗauki sunan wani shugaban Zulu, kuma fim ɗin Zulu na Ingila (1964) ne ya ba shi sha'awar kiran ƙungiyarsa Zulu Nation. « Soul Makossa » ta Manu Dibango na Kamaru (1972) a faifai ta isa Niyok. Ita kanta kalmar « griot », wadda matafiyan Faransa suka fara rubutawa a ƙarni na 17, littafin Roots na Alex Haley (1976) da fim ɗinsa na talabijin (1977) ne suka watsa ta a Amurka, kamar yadda Thomas Hale ya bayyana. Ke nan sunan ya yaɗu ne bayan Herc ya riga ya fara aikinsa. Laƙabi ne da aka liƙa wa abu bayan haihuwarsa. Wannan komawa tana da darajarta, domin mutanen da aka raba da asalinsu ne suke neman sa. Amma « fragile » ce, kada a ɗauke ta « frêle ».

7. Kammalawa

Mai karatu yana iya cewa mene ne laifi in an bar mutane da labarin da yake faranta masu rai. Laifin biyu ne. Na ɗaya, labarin yana shafe sunayen waɗanda suka yi aikin. Clyde Stubblefield ne ya buga gangar « Funky Drummer » ta James Brown (1970), Gregory Coleman kuma ya buga ta « Amen, Brother » (1969). An yanki waɗannan gaɓoɓi biyu an sa a waƙoƙi masu ɗimbin yawa. Coleman ya rasu a 2006 cikin talauci, bai ci moriyar bugunsa ba. Idan muka tsallake su muka miƙa kambin ga wani maroƙi maras suna, mun ƙara masu rashi a kan rashi.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibin da ya yarda tun farko cewa rap roƙo ne da ya komo gida ba zai ga tambayar da take gabansa ba. Rap ya shigo Nijar ne a kaset da talabijin, ta Amurka da Faransa da Dakar, wato aro ne. Abin nazari shi ne yadda harshe ya karɓi baƙon: yadda ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney suka zaunar da Hausa da Zabarmanci a kan bugu huɗu, abin da ya sami dogon wasali da karin sauti a cikin saurin furuci, da inda kirari da habaici da karin magana suka shiga. A nan ne roƙo da rap suka haɗu da gaske, kuma haɗuwar tana da faifai da kaset da za a iya saurare a rubuta a auna. Muna ganin kundin da ya ɗauki waƙa goma ya ƙidaya gaɓoɓinsu zai fi amfanar sashenmu bisa ga wanda ya sake maimaita zancen komowa gida.