Lugu ba ta bakin gudron

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Doso zuwa Kwanni ya ga Dogonduci ta gilashin mota: duwatsu, tasha, masu tsire. Ya wuce ya ce ya san Arewa. Ni ma da aka haifa nan, sanina bai wuce hakan da yawa ba, sai da wani ɗan ajinmu ya ara mini fotokopin Histoire mawri na Marc-Henri Piault, wanda ya fito a 1970.

Littafin na da nauyi, ba zan ɓoye muku ba. Faransancinsa na malaman jami'a ne, kuma jerin sunayen sarakuna ya sa ni gyangyaɗi sau biyu. Amma shi ya fahimtar da ni abin da kakata ke faɗa ina dariya: Gubawa su ne masu ƙasa, zuriyar Ari da aka ce ta zo daga Barno su ne masu sarauta, kuma zaman Arewa ya ginu ne kan yarjejeniyar ɓangarorin nan biyu. Da wannan a kai, in ka je Matankari ko Bagaji, garin Baura, ko Lugu inda dutsen Tunguma yake, sai ka ga kowane ƙauye da gurbinsa.

Mu dai yawancinmu Lugu ta littafin Abdoulaye Mamani muka sani, Sarraounia, na 1980. Ina son sa. Sai dai ƙagaggen labari ne, ya ɗauki yaƙin Afrilun 1899 da rundunar Voulet da Chanoine ya mai da Sarauniya jarumar ƙasa baki ɗaya, alhali sarautarta ta tsafi ce da keɓewa, kuma ba ta ƙare da waccan ba. A lakkwal mun haddace jarumar, ƙauyen kuwa ko hanyarsa ba mu sani ba.

Akwai kuma Prayer Has Spoiled Everything na Adeline Masquelier, 2001, kan ƴan bori na cikin Dogonduci. Sunan kaɗai zai ɓata ran wasunmu, kuma a ganina ta fi sauraron ƴan bori bisa malamai. Duk da haka ta zauna, ta ji Hausa, ta rubuta unguwanninmu.

Abin haushin, da Ingilishi yake. Ni da ƙamus na karanta rabinsa. In akwai mai Ingilishi cikinku, ya same ni a fada bayan la'asar, mu fassara ko babi ɗaya don fitowa ta gaba.