Tasbaha da Fartanya: Yadda Muridawan Senegal Suka Mai da Aiki Ibada

Duniya budurwar wawa ce, in ji masu iya magana, kuma waƙoƙin wa'azi na ajami sun daɗe suna nanata mana haka. Shi ya sa in aka ce wane ya kama hanyar zuhudu, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne dattijon da ya naɗe tabarmarsa daga kasuwa, ya shige zaure da tasbaha, ya bar wa masu duniya duniyarsu. A ƙasar Wolof ta Senegal akwai ɗarikar da ta bi wata hanya dabam. Mu nan mun fi sanin Senegal ta Kaulaha da Shehu Ibrahim Inyass, amma a arewa da Kaulaha akwai birnin Tuba, cibiyar Muridiyya, inda aka ɗauki noma da fatauci a matsayin hanyar gyaran zuciya.

Wanda ya kafa ɗarikar, Shehu Ahmadu Bamba, an haife shi wajen 1853. Mahaifinsa alƙali ne a fadar Lat Dior, sarkin Kajor, kuma da mahaifin ya rasu aka yi wa ɗan tayin kusantar fada, ya ce a kai kasuwa. A 1886 Faransawa suka kashe Lat Dior, masarautun Wolof suka watse, jama'a ta rasa madafa. Waɗanda suka riƙa tururuwa wurin Shehun ba duka ne almajiran littafi ba. Akwai talakawa, akwai bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, akwai kuma mayaƙan fada da ake kira cedo, mutanen da suka tashi da takobi da ganima da giya, waɗanda a ganinsu riƙe fartanya abin kunya ne.

A nan basirar Shehun ta fito. Ya rarrabe tsakanin ta'alimi, wato karatun littattafai, da tarbiyya, wato horon rai. Gardin da ya zo da gemunsa, bai taɓa riƙe allo ba, ba za a sa shi gaba da nahawu ba. Sai a tura shi daara, wani sansani a cikin daji, wani lokaci nesa da rijiya, inda samari ke sassabe, su shuka gero da gyaɗa, su yi ta rera ƙasidun Shehu suna aiki. Mutum zai yi shekaru a haka ba lada a hannu. In shehinsa ya gamsu da shi, sai ya sallame shi, ya yanka masa gona, sau da yawa har ya yi masa aure. Waɗanda suka zauna da iyalinsu kuwa suna da gonar Laraba, ranar da kowa ke ajiye tasa gonar ya je ya yi wa shehi aiki.

Abin da halwa da yunwa da tsayuwar dare ke yi wa sufi, shi ake nema da wannan aiki, wato karya girman kai. Ɗan sarautar da ya duƙa a kunya ɗaya da tsohon bawan gidansu, ya ɗauko itace a ka, ya ci tuwo kwano ɗaya da shi, an taɓa masa inda ya fi ciwo. Ni a ganina wannan horo ya fi halwar ɗaki wuyar ha'inci. Mutum na iya fitowa daga halwa yana jin ya zama wani, amma kunyar gyaɗa ba ta ɓoye ragon da ya nome ta.

Kada a ɗauka Shehun kansa mai tara abin duniya ne. Faransawa sun kai shi Gabon daga 1895 zuwa 1902, sannan Muritaniya daga 1903 zuwa 1907, ya ƙarasa rayuwarsa a tsare a Jurbel har ya rasu a 1927. An san shi da yawan rubutu da rabar da hadiyyar da ake kawo masa. Littafinsa na tasawwufi, Masalikul Jinan, cike yake da gargaɗi kan son duniya. Abin da ya koyar shi ne a fitar da duniya daga zuciya, hannu kuwa ya ci gaba da aiki, domin mai ci da guminsa ba ya durƙusa wa sarki ko Bature.

Almajirinsa Shehu Ibra Fall shi ya kai wannan fahimta ƙarshenta. Mabiyansa, Bay Fall, ana gane su da riga mai faci-faci da gashin da ba ya ganin aska, kuma su ne ƙashin bayan duk wani aikin ƙarfi na ɗarikar. Sai dai wasunsu sun ɗauki hidima ta ɗauke musu salla da azumi. Wannan kam ya ƙetare iyaka, kuma rubuce-rubucen Bamba kansa ba su goyi bayansa ba.

Da wannan hidima aka gina Tuba. Muridai ne suka shimfiɗa layin dogo daga Jurbel don jigilar kayan ginin babban masallaci, wanda aka buɗe a 1963 zamanin Halifan ɗarikar, Falilu Mbake. Da farin shekarun 1970 ya durƙusar da noman gyaɗa, sai suka kwarara birni, suka mamaye kasuwar Sandaga a Dakar, daga nan sai Faransa, Italiya, Sifaniya da unguwar Harlem a New York. Abin da daara ta yi a daji, da'ira, wato ƙungiyar mabiya, ke yi a birni. Ɗan talla da ya wuni yana sayar da agogo da tabarau a titin Turai, da dare sai ya tarar da 'yan'uwansa a ɗaki guda sun yi zobe, ana rera ƙasida, ana zagayawa da kofin Tuba, wanda ake dafawa da kimba, yaji na ratsa maƙogwaro. Kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa a asusu. Da kuɗin ake karɓar sabon zuwa, a ba shi jari, a mai da gawar wanda ya rasu gida. Wata da'ira ta 'yan ci-rani, Matlabul Fauzaini, asibiti sukutum ta gina a Tuba. Ranar 18 ga Safar kuma, ranar Magal, miliyoyi ke haɗuwa don tuna fitar da Shehu zuwa Gabon, gidaje a buɗe, ana ciyar da baƙo ba a tambayi sunansa ba.

Tambayar da ba ta gujuwa ita ce, wa ke cin amfanin gumin? Wani mai bincike, Donal Cruise O'Brien, a littafinsa na 1971, ya nuna yadda shehunan da suka gaji ɗarikar suka zama manyan masu gonaki, 'yan siyasa na neman umarninsu a kan ƙuri'un mabiya. Cheikh Anta Babou, masanin tarihi ɗan Senegal, ya mayar da martani a 2007 cewa wanda ya auna Muridiyya da buhun gyaɗa kaɗai bai fahimci abin da almajirin ke nema ba. Ina tare da Babou a kan niyyar almajiri, domin na yarda mutum zai iya ba da ƙarfinsa don Allah da zuciya ɗaya. Amma tsarkin niyyar mai bayarwa ba ya wanke mai karɓa. A 1991 gwamnatin Abdu Diouf ta miƙa wa Halifa Salihu Mbake dajin Kelkom, kimanin hekta 45,000. Muridai suka amsa kira, suka sare shi cikin ɗan lokaci, aka kafa gonaki da makarantun da ke ciyar da yara masu yawa suna koya musu Alƙur'ani da noma. Fulani makiyayan da ke kiwo a dajin kuwa suka kora shanunsu suka yi gaba, ba wanda ya nemi yardarsu. Mai sara ya sara ne don neman lada, amma haƙƙin makiyayin yana nan a wuyan waɗanda suka ba da umarnin.