Abin da Ake Tsallakewa a Labarin Hudson Taylor

Ya mai karatu, ka sha jin labarin Hudson Taylor daga bakin masu wa'azi: saurayin Ingila da ya sauka a Shanghai a 1854 yana da shekara 21, ya dogara ga addu'a, daga baya ya kafa ƙungiyar bishara ta China Inland Mission a 1865. Duk wannan gaskiya ne, amma yadda ake ba da labarin yana da giɓi.

Akan ɗaukaka bangaskiyarsa, a tsallake wahalarsa ta yau da kullum. Ya tarar da birnin cikin yaƙi, kuɗinsa ba ya isarsa, harshen Sin kuma ya yi masa nauyi. Da ya ga kayan Turawa suna ɗauke hankalin masu sauraro daga saƙonsa, sai ya aske goshinsa, ya rina gashinsa baƙi, ya sa tufafin mutanen ƙasar. 'Yan'uwansa Turawa da yawa suka raina shi saboda haka.

Wannan giɓin yana cutar da matasan da ikkilisiya ke aikawa hidima a ƙasashen waje. Idan abinci ya gundure su, harshe ya gagare su, kewar gida ta kama su, sai su ɗauka bangaskiyarsu ce ta gaza, su ɓoye damuwarsu. Alhali koyon gaisuwar mutane da cin abincinsu cikin tawali'u shi ma aikin Ubangiji ne.

In za ka ba wa matashi labarin nan, ka ba shi cikakke. Sa'an nan ka tambaye shi yadda yake kwana da tashi, kafin ka tambayi yawan waɗanda suka tuba.