Wa Zai Ɗaura wa Yara Zare?

Ranar da labarin mutuwar ɗan damben Amurka George Foreman ya iso, a watan Maris na 2025, ina zaune a majalisarmu ta bakin kasuwar Minjibir. Wani matashi ya miƙo mini wayarsa in gani. Abin da ake ta yaɗawa shi ne faɗuwarsa a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba, 1974, lokacin da Muhammad Ali ya kai shi ƙasa a turmi na takwas. Mutum ya yi shekara 76 a duniya, amma aka rasa abin tuna shi da shi sai 'yan daƙiƙoƙin da ya yi a kwance. Abin ya tsaya mini a rai, domin abin da muka fara yi wa namu 'yan damben ke nan.

Foreman ya ci zinare a gasar Olamfik ta Meziko a 1968. A 1973 ya kayar da Joe Frazier sau shida cikin turmi biyu a Jamaika, ya karɓe kambun duniya. Amma ba nan na ga girmansa ba. A 1977, bayan Jimmy Young ya yi nasara a kansa, ya koma ɗakin sauya kaya ya ji kamar ransa zai fita. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ajiye dambe, ya rungumi addininsa na Kirista hannu bibbiyu, ya zama mai wa'azi a birnin Houston na Amurka. Shekara goma bai shiga fage ba. A cikinsu ne ya buɗe wurin horar da yaran unguwa, irin waɗanda titi ke neman cinyewa kamar yadda ya so ya cinye shi yana ƙarami. Da kuɗin riƙe wurin suka yi ƙasa, sai ya koma dambe a 1987, ga shekaru ga tumbi, ana yi masa dariya. A 1994, yana da shekara 45, ya kwantar da Michael Moorer ya sake zama zakaran duniya. Ni Musulmi ne, shi Kirista, amma in tsoron Allah ya sanyaya wa mai ƙarfi hannu har ya juya shi ga rainon 'ya'yan wasu, ina gane shi a duk inda na gan shi.

A gida ma mun yi irinsa. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ci kambun duniya, a Faris a 1957. Da ya bari, gida ya dawo ya zama mai horar da 'yan damben ƙasa, har ya rasu a 1998. Yau ka tambayi matasa goma sunansa ka gani.

Mu nan damben gargajiya wasan kaka ne, haka muka tashi muka same shi. In an yanke gero da dawa an kai rumbu, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai rundawa su fara yawo gari-gari da makaɗan kalangu. A ƙauyenmu, can wajen Wasai, akwai wani dattijo mahauci da ya yi zamaninsa a fage. Lokacin da na yi wayo ya daɗe da bari, amma babu yaron da zai shiga fili bai bi ta hannunsa ba. Shi ke ɗaura zare. Zai kama hannun yaro ya jujjuya, ya naɗa ƙyalle, sannan ya bi da zaren a hankali, yana tambaya ko ya matse, don kada jini ya tsaya kuma kada ɗaurin ya kwance a tsakiyar turmi. Yana ɗaurawa yana kallon wanda ya fito daga ɗaya ɓangaren. Sau nawa na ji yaro yana rawar jiki, kiɗa ya hau masa ka, yana cewa, "Baba, bar ni in shiga!" Shi kuwa ya ce, "A'a ɗana, wancan ya fi ka kwana a fage. Zauna, sai baɗi." Yaron ya zauna yana huci, amma ya zauna.

A wurinsa na fara jin cewa in hannun abokin karawarka ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare, ƙarin duka bayan nan ba jarumta ba ce. Ya kori wani yaronsa kaka guda cur saboda ya kai wa wanda ya riga ya faɗi naushi. In aka kira magariba kuwa, ko turmi ya yi daɗi yaya, shi ne na farko da zai miƙe ya nemi buta.

Irin waɗannan dattawa su ne ƙashin bayan sana'ar, kuma dambe da kansa ya san haka. Dubi sunayen da ake kira a fage: Shagon Ɗan Digiri, Bahagon Sanin Kurna, Garkuwan Cindo, Autan Sikido. Ɗan dambe yakan ajiye sunan yankansa ya ɗauki na ubangidansa ya shiga da shi fili. In ya yi kisa, sunan maigidan ne ya tashi. In an kashe shi, da sunan maigidan ya faɗi. Ban san wata sana'a da ta iya girmama malami irin haka ba. Kowace sanarwa da mai lasifika zai yi, tunawa ce da wani da ya gabata.

Yanzu dambe ya shiga waya, kuma ba na baƙin ciki da haka. Tun da Dambe Warriors suka fara saka wasanni a YouTube a 2017, sannan African Warriors Fighting Championship suka biyo baya, mutanen da ba su taɓa jin kalangu ba a Turai da Amurka sun san akwai wani abu wai shi dambe. An kawo awon nauyi, an daina haɗa ƙato da ɗan firit a manyan gasa. Ana ajiye likita a bakin fage. Yaron da a da ladarsa ba ta wuce abin da 'yan kallo suka liƙa masa ba, yau yana iya cin mota ko babur. Wannan alheri ne, wanda duk ya taɓa ganin an ɗauki yaro a sume babu mai duba shi ba zai raina shi ba.

Abin da ke damuna shi ne abin da wayar ta zaɓa ta nuna. Kisa kawai ake so. A yanko inda naushi ya sauka, mutum ya zube, a maimaita sau uku, a wuce. Ba a nuna mai ɗaura zare. Ba a nuna dattijon da ya ce zauna. Makaɗin ma sau da yawa an yanke shi an ɗora wani kiɗan. Alhali da ba don makaɗi Ɗan Anace ba, me yaran yau za su sani game da tsohon ɗan dambe Shago da karonsa da Ɗandunawa? Makaɗi ne ya adana mana su, ba tare da kyamara ba. Yau ga kyamara a kowane aljihu, amma adanawar ta ragu.

Ina ganin sakamakon da idona. Yaran ƙauyukanmu suna kallon bidiyo, su sami tsumma da igiya su naɗe hannu a bayan makaranta, su yi ta dukan kan juna babu babba a wurin. Wanda ya ɗan yi fice sai ya hau mota zuwa gidan dambe na Ado Bayero Square a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, inda wasa ba ya jiran kaka, rani da damina ana yi. Jikin da a da yake hutawa wata da watanni yana noma, yanzu mako-mako yake shan duka. In ciwo ya yi yawa sai a nemi ƙwaya. Mai cewa ajiye hannun nan ya warke, shi ne ba ya kusa.

Na san abin da za a ce mini: tsofaffin nan ai layu da guraye da shaye-shayen magani suka sani. Akwai wannan, kuma ba na kare shi. Amma wanda ya yi shekara ashirin yana karɓar naushi ya san abin da likita ba zai gani daga bakin fage ba. Yana gane yaron da ƙafarsa ta fara rawa tun kafin ya faɗi. Yana gane wanda ya shigo da tsoro da wanda ya shigo a buge.

A da akwai ajo. In ɗan dambe ya tsufa ko wata buƙata ta taso masa, a sa rana, ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada su hallara, abin da aka tara nasa ne. Masu kamfanonin da ke cin moriyar dambe yau, har da masu tallar da suka shigo daga ƙasashen waje, su ɗauki wannan al'ada su mayar da ita ƙa'ida: kowace gasa a ware kaso na tsofaffin 'yan wasa, a ɗauki wasunsu aikin horarwa da albashi, a sa su gaban kyamara su yi magana. Ƙaramar hukumarmu ma ba ta rasa filin da za ta ba dattijo ɗaya da yara ashirin duk yamma.

Dattijon ƙauyenmu ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Ko hotonsa guda babu. Waɗanda suka ɗauki makararsa yaransa ne na fage, wasu sun yi furfura, ɗaya tun daga Legas ya kwana a mota ya zo. Biyu daga cikinsu suna nan da rai, ɗaya yana fawa, ɗaya yana noman rani a bakin dam. Kakar bana, in Allah ya kai mu, zan je in zauna da su da wayata, su nuna mini yadda yake ɗaura zaren, tun daga wuyan hannu.