4.3 Matsalar Musayar Sani a Asibitoci Masu Zaman Kansu

Babban raunin ƙananan asibitocin kuɗi a ƙasar Daura shi ne sani kan gangaro ne daga sama zuwa ƙasa kawai. Likita ya umarta, nas ta aiwatar. Amma idan likitan baƙo ne, kamar ɗan bautar ƙasa mai zaman shekara guda, ba ya jin Hausa, to ilminsa bai wuce abin da tafinta ya faɗa masa ba. Sau da yawa tafintan nan leburan asibiti ne.

A nan ne matsalar take. Idan matar da ta taso daga Baure ko Kwangwalam ta ce tana da “sanyi”, tana iya nufin mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko ciwon mara. Haka “shawara” da “basir”, kowace ta ƙunshi cuta fiye da ɗaya. Tsohuwar ungozoma ta san wannan bambanci sarai, sai dai ba a cika tambayarta ba saboda ƙarancin muƙaminta. Wanzami ko maɗori yakan bar wa ɗansa saninsa. Ita kuwa ranar da ta ajiye aiki, ba a rubuta komai ba.