Manhajar ta gane zafi, ko hadda kawai ta yi?

Idan ka taɓa ɗaga murfin tukunya ka ga ruwa ya taru a jikinsa, to ka ga aikin da kwandensar firji ke yi: tururi ya saki zafinsa ya koma ruwa. Tambayar injiniya ita ce, zafi nawa bututu zai iya fitarwa? A miƙaƙƙen bututu da sauƙi-sauƙi, tun 1916 Nusselt ya kafa tushen lissafin, kuma har yau ana amfani da ƙa'idar da Shah ya fitar a 1979.

Nannaɗaɗɗen bututu kuwa wani abu ne daban. Lanƙwasar tana tura abin da ke gudu a tsakiya zuwa bangon waje, sai ya zagayo ta gefe, a sami guguwa biyu ƙanana suna juyawa a ciki. W. R. Dean ne ya bayyana wannan a 1927. Ƙara da cewa tururi da ruwa ne ke tafiya tare, ga faɗin bututun, ga faɗin naɗin, ga irin gas ɗin. Shi ya sa masu bincike suka koma ga koyon na'ura: a ɗura wa manhaja sakamakon gwaje-gwaje, ta gano dangantakar da kanta. Dabara ce mai kyau, ban ƙi ta ba.

Inda nake da ja shi ne yadda ake yi mata jarrabawa. Yawanci ana tattara alƙaluma daga 'yan ɗakunan gwaji, a cakuɗa su, a koyar da ita da kashi 80, a gwada ta da 20. To amma fa awon da aka yi a bututu ɗaya, da gas ɗaya, 'yan gida ɗaya ne. Tamkar ka ba ɗalibi tambayoyin bara ne ka sauya lamba ɗaya. Dole ya ci, kuma makin ba zai nuna maka ko ya fahimci darasin ba. Wasu manhajojin ma, irin masu tsarin bishiyar yanke hukunci, ba sa iya ba da amsar da ta wuce iyakar abin da suka gani. Haka ginin nasu yake.

Me ya dame ka da wannan? Gyaran Kigali na 2016 ya sa duniya na rage gas irin su R134a, ana komawa ga su R290 da R600a. Ke nan a kan gas ɗin da awonsa bai yi yawa ba aka fi buƙatar hasashen. Idan manhaja ta zuzuta ƙarfin bututu, sai a ƙera kwandensa ƙarama. A zafin Afrilu na Sakkwato, sama da digiri 40, kwamfuresa za ta yi ta wahala tana shan wuta, maganin da ke cikin firjin kuma ya ɗumama.

Saboda haka idan ka ci karo da irin wannan bincike, tsallake makin da aka yi wa ado a sama. Duba ko sun ɓoye wa manhajar gas guda ko ɗakin gwaji guda gaba ɗaya sannan suka gwada ta a kansa, ko sun faɗi iyakar zafi da faɗin bututun da ta sani, da kuma ko sun saki alƙalumansu don wani ya maimaita.